Ƙuri'ar masu addini a Amurka: su ke juya 'yan siyasa, ko su ake juyawa?

Abban Khalifa (Kolombos, Ohayo):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun Juma'a, na ga gara in kawo ta nan ko wani zai haska min.

Muna fitowa daga masallaci sai ga wani bawan Allah a bakin ƙofa yana raba takarda. Abin da ke ciki shi ne, duk Musulmin da ya san ciwon 'ya'yansa ya daina jefa wa Dimokrat ƙuri'a, domin su ne jam'iyyar auren jinsi. Ina karɓa gabana ya faɗi, don na taɓa ganin irin wannan takarda fiye da shekara 20 da suka wuce, amma a hannun Kirista.

A 2004 ina aikin dare a wani sito a nan garin. Akwai wata dattijuwar Baturiya da muke ɗaure kwalaye tare. An rufe masana'antar da mijinta ke aiki, ita ce riƙe da gida, ƙafafunta kullum a kumbure saboda tsayuwa. Idan aka tafi hutun cin abinci sai ta zaro takardu daga jakarta, waɗanda aka ba su a coci, ta bi tebur-tebur tana ajiyewa. Ta ce min ba ta son yaƙin Iraƙi, ɗan ƙanwarta yana can, kuma ta san Bush bai tsinana wa ma'aikata komai ba, amma shi za ta zaɓa, don idan aure ya lalace ba abin da ya saura. Da hawaye ta faɗa. Na shaide ta, ba munafuka ba ce.

A ranar zaɓen, 2 ga Nuwamba, jihohi 11 suka haɗa zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'ar raba gardama a kan haramta auren jinsi, kuma duka 11 suka haramta. A nan Ohayo kusan kashi 62 cikin 100 ne suka amince. Bush ya ci jihar da ratar ƙuri'a kamar dubu 118, kuma da John Kerry na Dimokrat ne ya ci Ohayo da shi ne shugaban ƙasa. Shekara 11 bayan haka, a 2015, Kotun Ƙoli ta halatta abin a duk faɗin ƙasar.

To ni tambayata: matar nan ta ci riba ko an ci da guminta? Domin yau ni ake miƙa wa takardar.

Ustaz Auwal (Kano):
Wa alaikumus salam. Abban Khalifa, mu fara da abin da ba gardama a kansa: hukuncin luwaɗi da maɗigo a Musulunci a fili yake, ƙissar mutanen Annabi Luɗu tana cikin Alƙur'ani a surori da dama. Matar nan ta yi abin da ta ga shi ne daidai da iyakar ƙarfinta. Don daga baya alƙalai sun rushe, ba ya nufin ta yi kuskure. Mutum ana tambayarsa abin da ya aikata ne, ba abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Abban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, ban kawo maganar hukunci ba, wannan na sani tun ina makarantar allo. Maganar ƙuri'a nake yi. Wanda ta zaɓa ɗin, ya yi mata abin da ya sa ta zaɓe shi?

Malam Ɗanlami (Zariya):
Bai yi ba, kuma wannan ba ra'ayi ba ne, tarihi ne. A Fabrairun 2004 Bush ya fito ya ce yana goyon bayan a gyara kundin tsarin mulkin ƙasa a rubuta cewa aure na namiji da mace ne kawai. Abin da ya tayar da ƙurar shi ne kotun jihar Masachusets da ta halatta auren a ƙarshen 2003, da kuma magajin garin San Faransisko na lokacin, Gavin Newsom, da ya hau ba da takardun aure. An kai gyaran majalisar dattawa a Yulin 2004 ya faɗi, 48 da 50, alhali kashi biyu cikin uku ake bukata. Kowa a fadar White House ya san ba zai wuce ba tun kafin a kai shi. Da aka ci zaɓe, abin da Bush ya sa a gaba a 2005 shi ne sauya tsarin fansho, ba aure ba. Sai da zaɓen 'yan majalisa na 2006 ya matso aka sake zaro gyaran daga aljihu, ya sake faɗuwa, 49 da 48. Kun ga lokacin da ake tunawa da shi.

Mai tsara wa Bush dabarun zaɓe, Karl Rove, ya sha faɗin cewa Kiristoci 'yan bishara kusan miliyan 4 ne suka ƙi fitowa a zaɓen 2000, kuma aikinsa shi ne ya fito da su. Sannan wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen na 2004, Ken Mehlman, a 2010 ya fito da bakinsa ya ce shi ma mai neman maza ne, daga baya har ya shiga sahun masu fafutukar halatta auren. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Amma in yi adalci, har yau masana ba su daidaita ba a kan ko maganar auren ce ta ba Bush nasara. A tambayoyin da ake yi wa mutane a bakin rumfar zaɓe, kashi 22 sun ce tarbiyya ce babbar damuwarsu, kuma 8 cikin 10 nasu Bush suka zaɓa, shi ya sa jaridu suka yi ta yayatawa. Sai dai kashi 20 sun ce tattalin arziki, 19 ta'addanci, 15 Iraƙi. Haɗa na biyun ƙarshe ka ga sun zarce. Mishigan da Oregon ma sun haramta auren a rana ɗaya, kuma Kerry suka zaɓa.

Yakubu Bulus (Jos):
Sannunku 'yan'uwa. Ni Kirista ne, kuma ina ganin Malam Ɗanlami ya raina mutanen nan. Ana maganarsu kamar tumakin da ake kaɗawa. Ba haka ba ne. Tun 1979 da Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority suke wannan aiki: rajistar masu zaɓe a harabar coci, raba takardar da ke nuna matsayin kowane ɗan takara, motar kai tsofaffi rumfa. Shekara 40 suna abu ɗaya ba su gaji ba. Sun gane cewa shugaban ƙasa shekara 4 ko 8 zai yi ya tafi, alƙalin Kotun Ƙoli kuwa sai mutuwa ko murabus. A 2016 kusan kashi 81 na fararen 'yan bishara suka zaɓi Trump. Sun san aurensa uku, sun ji maganganunsa a kan mata. Alƙalai suke so, kuma ya ba su uku: Gorsuch, Kavanaugh, Barrett. A Yunin 2022 aka rushe hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki. Wanda ya samu wannan ba za a ce an ci da guminsa ba.

Mu ma nan abin ya taɓa mu. Da cocin Episcopal ta Amurka ta naɗa Gene Robinson, mai neman maza a fili, bishop a 2003, Akbishop Peter Akinola na cocin Angalika ta Najeriya ne ya tsaya a gaba wajen ƙin amincewa, har wasu coci-coci a Amurka suka ɓalle suka koma ƙarƙashin Najeriya. Don haka na san zafin da matar nan take ji.

Malam Ɗanlami:
Malam Yakubu, na karɓi gyara a kan zubar da ciki, nan haƙarsu ta cim ma ruwa. Amma a kan auren jinsi fa? Alƙalin da ya rubuta hukuncin 2015, Anthony Kennedy, Reagan ne ya naɗa shi, gwarzon masu ra'ayin riƙau. Gorsuch ɗin da ka ambata shi ya rubuta hukuncin 2020 da ya hana korar ma'aikaci daga aiki saboda neman jinsi. A Disambar 2022 majalisa ta yi dokar kare irin wannan aure, ta wuce majalisar dattawa 61 da 36, cikinsu da 'yan Rifablikan 12. Ɗaya daga cikinsu Rob Portman ne na Ohayo, jihar Abban Khalifa, wanda ya sauya matsayi a 2013 bayan ɗansa ya faɗa masa halin da yake ciki.

Abin da ya kayar da su ba alƙalai ba ne kaɗai, jama'a ne suka sauya. Cibiyar Gallup ta auna a 1996, shekarar da Clinton, ɗan Dimokrat, ya sa hannu a dokar da ta ce aure na mace da namiji ne: kashi 27 ne kawai ke goyon bayan auren jinsi. A 2022 sun kai 71. Ƙuri'a tana iya kafa doka, amma ba ta riƙe zuciyar jikoki.

Ustaz Auwal:
To wannan ai hujjata ce, ba taka ba. Idan cikin shekara 26 aka juya tunanin al'umma haka, ta fina-finai da makarantu da waya, sai a ce iyaye su naɗe hannu? Ni a ganina wanda ya raba takardar nan a ƙofar masallaci ya hango abin da wasu ba su hango ba.

Maman Ihsan (Amurka):
Bari in sa baki, don ni a ciki nake, ba labari ake ba ni ba. 'Yata tana aji na biyu a firamare ta dawo gida da littafin labari na makaranta. Muna zaune a kicin ina yanka albasa tana karanta min, sai na ji labarin ya nufi wani wuri. Na aje wuƙar na karɓi littafin. Maza biyu ne suke aure, da hotuna masu kyau, an rubuta shi daidai hankalin yaro. Ta ɗago kai ta ce, "Mama, mu ma muna yin haka?" Shekararta 7. Ban yi barci ba ranar.

Ban je makarantar da faɗa ba. Malamar mutuniyar kirki ce, ita ta gano cewa yarinyar ba ta gani sosai har muka yi mata tabarau. Abin da na roƙa kawai a riƙa sanar da ni, in an zo wannan darasi a ba ta wani aiki. Ban ce a ƙona littafi ba, ban ce a kori kowa ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda wasu iyaye, waɗanda suka tsaya mana lokacin da ake zagin masu hijabi, suka koma kallona kamar mai ƙiyayya.

Irin wannan ce ta faru a gundumar Montgomery ta jihar Merilan. A 2023 hukumar makarantu ta soke damar da iyaye ke da ita ta cire 'ya'yansu daga darasin. Musulmi da Katolika da 'yan Orthodox suka haɗu suka shiga kotu, ƙarar ma da sunan wani Musulmi aka san ta, Mahmoud. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ba iyayen gaskiya, alƙalai 6 da 3, kuma alƙalan Trump uku suna cikin shidan. Ni ban zaɓe shi ba, amma ba zan yi ƙarya in ce ban ji sanyi a raina ba.

Abban Khalifa:
Maman Ihsan, Allah ya raya mana su. Nawa uku ne, na san abin da kike faɗi. Amma ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Babban faston da ya fi kowa zagaya Ohayo a 2004 yana tara jama'a a kan maganar auren nan, Rod Parsley, cocinsa tana gefen garin nan. Shi ne kuma ya yi ta zagin Musulunci yana kiransa addinin ƙarya, har sai da John McCain, ɗan takarar shugaban ƙasa na Rifablikan, ya bayyana a 2008 cewa ba ya son goyon bayansa. Wato jirgin da ake kiran mu mu shiga, wasu matuƙansa ba sa ƙaunar ganinmu a ƙasar ma. Gaba kura, baya sayaki.

Mahamat Ɗan Injamena:
Wannan ita ce maganar. Ku da ke da ƙuri'a ku tuna da mu. A 2017 Trump ya sa Chadi cikin ƙasashen da aka hana shiga, a 2020 ya hana 'yan Najeriya bizar zama, a Yunin 2025 ya sake sa Chadi da Sudan. Yayana yana can shekara da shekaru, mahaifiyarmu ba ta taɓa ɗaukar jikokinta ba. Idan kuna auna littafin makaranta a ma'auni, ku ɗora wannan a ɗaya ɓangaren.

Malam Ɗanlami:
Kuma ba yau aka fara ba. A zaɓen 2000 manyan ƙungiyoyin Musulmin Amurka Bush suka mara wa baya, wani ɓangare saboda maganar iyali da tarbiyya. Bayan shekara guda aka kai harin 11 ga Satumba, sai dokar sa ido, sai Afganistan, sai Iraƙi. Suka kwashe kayansu suka koma Dimokrat na kusan shekara 20. Yanzu ga su suna juyowa. A garin Hamtramck na Mishigan, inda a lokacin duk kansiloli Musulmi ne, a Yunin 2023 suka hana kafa tutar bakan gizo ta masu neman jinsi a kan gine-ginen gwamnatin gari, magajin garin na lokacin Amer Ghalib kuma ya bi Trump a 2024. Trump ya ci Dearborn, garin da Larabawa suka fi yawa. Sai dai can Gaza ce ta fi yin aiki, shi ya sa Jill Stein ta jam'iyyar Green ma ta kwashi ƙuri'a mai yawa a garin.

Barista Hauwa (Abuja):
Tun ɗazu nake karantawa. Kowa ya yi maganar mai jefa ƙuri'a, ba wanda ya yi maganar mutumin da ake jefa ƙuri'ar a kansa. Ku yi haƙuri da ni, na san abin da zan faɗa ba zai yi wa kowa daɗi ba.

Ƙarar da ta kai ga hukuncin 26 ga Yunin 2015 daga Ohayo ta fito. Jim Obergefell mutumin Sinsinati ne. Abokin zamansa na shekara 20, John Arthur, yana fama da ciwon shanyewar jijiyoyi, ba ya iya tashi. A 2013 aka ɗauke su a jirgin marasa lafiya zuwa Merilan, aka ɗaura musu auren a cikin jirgin, suka juyo gida. Bayan wata uku Arthur ya mutu. Abin da aka yi shari'a a kai shi ne ko za a rubuta sunan Obergefell a takardar shaidar mutuwa. Dokar da abokiyar aikin Abban Khalifa ta jefa wa ƙuri'a ita ce ta hana. Ni Musulma ce, na san abin da addinina ya ce, ban kawo wannan don in halatta komai ba. Na kawo ne don mu ga dalilin da ya sa Amurkawa da yawa suka sauya: a wurinsu maganar ta tashi daga wa'azi ta koma wa zai shiga ɗakin asibiti, wa zai ci gado, wa zai binne gawa.

Sannan akwai abin da ya kamata Musulmin Amurka ya riƙe da kyau. Bai kai kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. Idan ya amince cewa rinjayen ƙuri'a ya isa a yanke wa 'yan tsiraru haƙƙinsu, ya tuna cewa a 2010 kashi 70 na masu zaɓe a Oklahoma sun amince a hana kotuna la'akari da shari'ar Musulunci. Kotun tarayya ce ta rushe, kuma ƙungiyar lauyoyin ACLU, wadda take kare masu auren jinsi, tana cikin waɗanda suka tsaya wa Musulmin da ya shigar da ƙarar. Igiyar da ka ɗaure wani da ita tana nan a rataye.

Ustaz Auwal:
Barista, da girmamawa, ba a haɗa Musulunci da saɓon Allah a ma'auni guda. Kuma ina jin tsoron irin wannan magana, a hankali ake fara ta da tausayi, a ƙare da amincewa.

Barista Hauwa:
Malam, ban haɗa su ba. Tsarin mulkin Amurka ne ya haɗa su, kuma a ƙarƙashinsa Abban Khalifa yake zaune, ba a Kano ba.

Tunda ka kawo tsoro, bari in faɗi nawa, mu dawo gida. A Janairun 2014 Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi, shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiya ko ya tallafa. Kafin wannan doka ai abin haramun ne a dokokinmu, na Kudu da na Arewa, ga kuma dokokin shari'a a jihohi 12. Ba wanda ya je majalisa yana neman a ɗaura masa aure. To me ya sa a lokacin, zaɓe saura shekara guda? Limamai da fastoci suka yaba, shi ne kusan abu ɗaya da suka haɗu a kai. Bayan wata uku aka sace 'yan matan Chibok. A 2015 talakawa suka auna tsaro da abin da ke cikin tukunya, suka kayar da shi.

Abin da ya biyo bayan dokar shi ne ya dame ni. A watan da aka sa hannu jama'a suka yi wa wata kotun shari'a a Bauci ruwan duwatsu suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. A Fabrairu aka bi gida-gida a unguwar Gishiri a nan Abuja ana fito da samari ana duka. Ni da kaina na taɓa tsaya wa wani yaro, tela, wanda abokin sana'arsa ya laƙa masa wannan suna saboda rikicin bashi. Ba shaida, ba komai. Kafin gaskiya ta fito an fasa masa shago, an fasa aurensa da aka sa wa rana, mahaifinsa ya daina zuwa masallacin unguwa. Malam, kai ka fi ni sanin hukuncin ƙazafi, da hanin da Suratul Hujurat ta yi a kan bin diddigin asirin mutane.

Ustaz Auwal:
Wannan kam gaskiya ce, ba ni da ja. Ɗaukar doka a hannu haramun ne, ƙazafi babban zunubi ne, kuma duk wanda ya daki mutum a kan zato zai amsa a gaban Allah. Na faɗa a kan mumbari kuma zan sake faɗa. Matsayina a kan aikin kansa dai bai sauya ba.

Alhaji Mai Goro (Kumasi):
Ku zo Gana ku ga irin taku. Majalisarmu ta amince da doka mai tsanani a ƙarshen Fabrairun 2024, shekarar zaɓe. Coci-coci da ofishin Babban Limamin ƙasa duk suna bayanta. Kwana kaɗan ma'aikatar kuɗi ta rubuta cewa in aka sa hannu za a iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya. Shugaba Akufo-Addo ya ce sai kotu ta gama, har ya sauka bai sa hannu ba. Duk kamfen ana tambayar 'yan takara za su sa ko ba za su sa ba. A zango kuwa abin da mata ke kuka da shi farashin shinkafa ne da faɗuwar sidi, kuma da wannan aka kayar da jam'iyya mai mulki a Disamba. Yuganda da Museveni ya sa hannu a 2023, Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi. Wannan ma yana ɓata min rai, a ce sai mai ba ka bashi ya yarda za ka yi dokarka. Amma na fi jin haushin namu, da ba sa tuna addini sai an buga gangar zaɓe.

Yakubu Bulus:
Alhaji, a nan muka haɗu. Amma kada mu ɗora wa 'yan siyasa laifin duka. Ɗan siyasa ɗan kasuwa ne, abin da ake saye yake kasawa. Mu ne muka nuna masa cewa da wannan magana guda zai saye mu da araha. A Amurka ma ba su haƙura ba, a Yunin 2025 babban taron cocin Southern Baptist ya nemi a rushe hukuncin 2015, kuma Alƙali Clarence Thomas ya rubuta tun 2022 cewa ya kamata a sake duba shi. Za a ci gaba da raba takardun nan shekaru masu yawa.

Maman Ihsan:
Abban Khalifa, ga abin da na koya. Littafin da ya hana ni barci ba shugaban ƙasa ne ya zaɓe shi ba, hukumar makarantu ce ta gunduma, mutum bakwai ko tara da ake zaɓa a ranar da yawancinmu ba ma fita. Na fara zuwa taronsu, ana ba kowa minti uku ya yi magana. Ranar farko muryata rawa take yi. A bayana akwai wasu mata biyu da ke renon yaro tare, ɗansu ajinsu ɗaya da Ihsan. Ɗayar ta tashi ta ce ɗanta ya dawo gida yana kuka don an ce masa gidansu ƙazanta ne. Na ji kunya, don ban san ko daga bakin 'ya'yanmu maganar ta fito ba. Da na koma gida na zaunar da nawa, na ce musu abin da addininmu ya hana ya hana, amma duk wanda na ji ya zagi yaron nan zai gamu da ni. Har yau ban sauya ra'ayi ba, su ma ba su sauya ba. Muna gaisawa a bakin makaranta.

Malam Ɗanlami:
Abban Khalifa, ita matar ta sito, ka sake ganin ta?

Abban Khalifa:
Sau ɗaya, wajen 2016, a wani kantin magani. Ta tsufa sosai, tana tura keken mijinta. Ita ta gane ni, ta tambayi Khalifa da sunansa, don lokacin haihuwarsa ta saƙa masa hula da hannunta. Ɗan ƙanwarta ya dawo daga Iraƙi da rai amma ba ya iya aiki. Na tambaye ta zaɓe, ta ce za ta fita, wannan karon saboda alƙalai. Ban ga nadama a fuskarta ba, ban kuma ga alamar cewa wani ya taɓa dawowa ya tambaye ta yadda take biyan kuɗin maganin nan ba.

Takardar Juma'a tana nan a aljihun rigata, akwai lambar waya a ƙasanta. Gobe in Allah ya kai mu zan kira wanda ya raba ta. Zan tambaye shi wa ya biya kuɗin bugawa, sannan in tambaye shi ko ɗan takarar nasu ya taɓa cewa wani abu a kan bizar mahaifiyar Mahamat. Maman Ihsan, ki turo min yadda ake rajistar yin magana a taron hukumar makarantun, ta akwatin saƙo.